Aikin fentin epoksi a Zariya: yadda za ka shafa shi ka tashi da lafiyarka

A da, in ka ambaci epoksi a Zariya sai masu aikin masana'anta da na ɗakunan gwaje-gwaje su gane abin da kake nufi. Yanzu mai shagon magani a Sabon Gari yana son a yi masa, mai garejin mota a Hanwa yana so, har masu gidajen burodi da wuraren wankin mota sun shigo ciki. Dole a so shi. Daɓe ne mai sheƙi, ba shi da tsagar da ƙura za ta maƙale, da an goge shi da jiƙaƙƙen tsumma ya koma sabo. Abin da yake damuna shi ne yawancin yaran da ake turawa su shafa shi suna kama shi ne yadda suke kama fentin bango, hannu tsirara, silifa a ƙafa, tsumma ɗaure a hanci.

Akwai yaron da ya koyi aiki a hannuna, mai ƙwazo ƙwarai. Watanni yana gauraya epoksi ba safar hannu, in an tashi ya wanke hannunsa da tina, wato ruwan nan mai wari da ake tsinka fenti da shi, kuma ba abin da ya same shi. Wata safiya ya zo yatsunsa sun yi ƙuraje masu ruwa, fatar idonsa ta kumbura har ba ya buɗe su sosai. Ya ce, "Maigida, ko sauro ne?" Ba sauro ba ne. Ya warke, ya dawo aiki, kwana biyu abin ya dawo fiye da na farko. A yau ko ɗakin da aka buɗe gwangwanin ba ya iya tsayawa a ciki, ya koma ɗora tayil. Na ga yana yi ban hana shi da gaske ba, kuma har yanzu abin yana cina. Domin irinsa na rubuta wannan.

Ka fara sanin abin da ke cikin gwangwanin

Epoksi gwangwani biyu ne. Na A shi ne jikin fentin, mai kauri kamar zuma. Na B shi ne hadina, wanda yake sa shi ya taurare. Fentin bango bushewa yake yi, ruwansa ya tashi ya bar launi. Epoksi kuwa da zarar ka haɗa A da B sun fara aiki a kan juna, suna fitar da zafi, har su zama abu ɗaya mai tauri. Ba ka da hanyar tsayar da su. Kafin su gama, kowannensu yana cutar da fata. Hadina tana ƙona fata da ido kai tsaye. Na A ba ya ƙuna, amma shi ne ya fi sa jiki ya ɗauki ƙiyayya da epoksi a hankali, taɓawa bayan taɓawa, har ranar da zai fito fili. In ya fito, galibi ya zauna ke nan har ƙarshen rayuwa, magani yana kwantar da ƙurajen ne kawai.

A wurin saye za ka tarar da iri uku. Akwai mai tina a ciki, shi ne mai ƙarfin wari kuma mai kama wuta. Akwai wanda ake tsinkawa da ruwa, warinsa kaɗan ne. Akwai kuma wanda ba a sa masa komai ba, mai kauri, wanda ake zubawa a baje. In aikin a cikin gida ne ko shago marar tagogi, ni na fi ba da shawarar na biyu ko na uku. Amma rashin wari bai sa ya zama lafiya ga fata ba, dukansu uku suna da hadina mai cutar da fata.

Kada ka sayi wanda aka juye a wata jarka ba takarda a jiki, ko da ya fi araha. Takardar jikin gwangwanin ita ce za ta gaya maka awon haɗi, ko biyu da ɗaya ne ko huɗu da ɗaya, kuma ko da nauyi ake aunawa ko da cikar mazubi, domin ba ɗaya ba ne. Ita ce za ta gaya maka minti nawa kake da shi bayan haɗawa, da awa nawa za ka jira kafin shafi na biyu. Ka ɗauki hotonta a wayarka, za ta yi maka amfani har a asibiti in wani abu ya faru.

Wuri biyu ne zan ce ka dakata. Tsakar gida ko barandar da rana ke duka: epoksi yana komawa ruwan ɗorawa ya yi gari-gari a rana, sai an rufe shi da wani fentin mai jure ta. Sai tankin ruwan sha: ba kowane epoksi ake sawa ba, sai wanda kamfanin ya rubuta ƙarara cewa na ruwan sha ne. Baƙin epoksin nan mai kwalta a ciki kada ya kusanci ruwan da za a sha.

Kayan da za ka sa a jiki

Safar hannu ita ce kan gaba, kuma irinta yana da muhimmanci. Ka nemi ta naitiril, wato wata irin roba mai jure sinadari, galibi shuɗiya ce ko koriya, mai ɗan kauri. Farar nan ta roba mai laushi da ake gani a asibiti, sinadarin yana ratsa ta ba tare da ka ga huji ba. Ta yadi ta fi kowacce muni, domin tana shan fentin ta riƙe maka shi a fata yini guda. In sirara kawai ka samu, ka sa biyu, da ta sama ta ɓaci ka cire ka sauya. Wajen cirewa ka kama bakinta ka juyo ta ciki ya koma waje. Ka lura da abin da kake taɓawa da ita: waya, hannun ƙofa, goshinka lokacin da gumi ya zubo. Ta nan fentin yake kaiwa fuska.

Sai tabarau mai rufe gefen ido, musamman lokacin juye hadina, domin a nan ake samun fantsama. Riga mai dogon hannu, dogon wando, takalmi rufaffe. In za ka durƙusa, ka sa abin kare gwiwa mai roba, kada wando ya jiƙe da fenti ka ci gaba da aiki da shi.

Takunkumin da muka saba da shi lokacin korona ba ya tare tururin tina ko kaɗan, haka ma tsumma ko rawani. Wanda yake aiki shi ne na roba mai rufe hanci da baki, mai matatun iska biyu a gefe da gawayi a ciki. A ƙirar Turai matatar tana da zanen ruwan ƙasa da harafin A, a ƙirar Amurka baƙa ce. In ka sa shi, ka toshe matatun da tafin hannu ka ja numfashi, ya kamata ya manne a fuskarka. Da ka fara jin wari ta cikinsa, matatar ta gama aiki. Bayan an tashi ka ɗaure ta cikin leda, domin gawayin yana ci gaba da shan iska ko ba a fuska yake ba. Mai cikakken gemu ya sani cewa gashi yana hana bakin takunkumin zama, tururi yana shiga ta gefe. Wannan ɗan'uwa ya zaɓi epoksi marar tina, ya ƙara iska a wurin, ya bar aikin feshi ga wani.

Feshi ma dai ban ba sabon hannu shawararsa ba. Rola da burushi sun isa yawancin ayyukan gida da shago, kuma ba sa cika ɗaki da hazon fenti.

Zaɓen lokaci

Yanayin garin nan yana shiga cikin aikin sosai. Mintunan da aka rubuta a gwangwani an auna su ne a zafin digiri 20 zuwa 25. Duk ƙarin digiri 10 yana rage lokacin kusan rabi. Wato wanda aka rubuta minti 40, a zafin Maris da Afrilu ka ɗauka minti 20 gare ka, ko ƙasa da haka in gwangwanin ya yini a bayan mota. Ka ajiye kayan a inuwa tun daren jiya.

Da damina, musamman Agusta, danshi ne matsalar. In iska ta cika da laima, saman fentin yakan yi wani maiƙo-maiƙo ko fari-fari, kuma shafi na biyu ba zai kama a kansa ba sai an wanke. Da hunturu iska a bushe take, wannan ya yi kyau, sai dai ƙura. Daɓen da ka shafa da yamma za ka wayi gari ka ga ya yi kamar an barbaɗa masa gari. Ka rataya yadi mai laushi ko gidan sauro a tagogi, ka yayyafa ruwa a ƙofar waje. Sanyin asubar Disamba da Janairu kuma yana jinkirta taurarewa, kada ka yi gaggawar takawa.

Shafin farko a kan siminti ya fi kyau da la'asar, lokacin da daɓen ya fara hucewa. In ka shafa da hantsi yana ɗaukar zafi, iskar da ke cikin ramukan simintin tana fitowa ta huda fentin, ka ga ƙananan kumfa ko'ina. Ka kuma lissafa lokacin salla. Kada ka haɗa bokiti saura minti goma a kira, domin ba zai jira ka ba. In kuma ka bar daɓe rabi ka dawo, layin mahaɗar zai zauna a wurin.

Gyaran daɓe

Yawancin epoksin da ya ɓare, daga nan matsalar ta faro. Sabon siminti sai ya kwana 28 kafin a shafa masa. Tsoho kuma ka gwada danshinsa: ka yanki leda mai kauri kamar rabin mita kowane gefe, ka shimfiɗa, ka manne gefunan da salatif, ka bar ta kwana ɗaya. In ka ɗaga ka ga raɓa a jikinta ko simintin ya yi duhu, ruwa yana tasowa daga ƙasa, kuma zai ɗaga fentin ya yi bororo. Gidajen da ke kusa da fadama sun fi fama da wannan. Ka gaya wa mai gida gaskiya: "Alhaji, in na shafa yau, kuɗinka ne zai tashi a banza."

Baƙin mai da girisi sai an wanke su tas. Ka ɗiga ruwa a wurin, in ya dunƙule bai shiga ba, da sauran mai. Daga nan a gurje fuskar simintin da inji har ta yi kaushi kamar takardar yashi. Ƙurar siminti tana ɗauke da garin dutse mai laushi wanda yake zama a huhu ya yi tabo, kuma ba ya fita. A nan matatar ƙura ake bukata, ba ta gawayi ba, ko kuma wadda ta haɗa biyun. Ka haɗa injin da na'urar zuƙe ƙura in akwai. Wasu suna amfani da asid maimakon gurza. In dole ne, asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid, sannan a ɗauraye sosai a jira daɓen ya bushe ƙarau.

Iska da wuta

Tururin tina ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ya bi daɓe har ya kai inda wuta take. Kafin ka buɗe gwangwani ka zaga gidan. Risho, gas, kurfoti, murhun tsakar gida, maganin sauro na kunnawa, turaren wuta, duk a kashe. Mai taba ya yi nisa. In mai walda yana aiki a shagon gefe, ku yi magana tun da safe. Janareta ya zauna a waje nesa da ƙofa, saboda tartsatsi da kuma hayaƙinsa, wanda shi kansa yana kisa a rufaffen wuri.

Ka buɗe wurin ta ɓangare biyu domin iska ta ratsa. Fanka ta tsaya a waje tana turo sabuwar iska ciki, kada ka ajiye ta a hanyar da tururin ke fita. In an ɗauke wuta ta tsaya, kai ma ka fita. Yara, mai juna biyu, tsofaffi da mai asma su bar ɓangaren gidan gaba ɗaya, har da kaji da tantabaru.

Tankin ƙarƙashin ƙasa, rijiya, ɗakin ƙasa da cikin tankin mota wani babi ne daban, kuma a nan ake rasa rai. Tururi yana taruwa ya kori iskar numfashi, mutum ya ji kansa ya yi nauyi, ƙafafunsa su saki kafin ya kai tsani. Takunkumin gawayi ba ya ƙara maka iska, tacewa kawai yake yi. Ba a shiga irin wannan wuri sai da injin da ke hura iska ciki ba tsayawa, da igiya a jiki, da mutum a bakin ramin wanda ba shi da wani aiki sai kallon ka. In na ciki ya faɗi, na waje kada ya faɗa a kansa, domin haka ake rasa mutum biyu ko uku a rami ɗaya. Ya ja igiya, ya yi kururuwa, a kira 'yan kwana-kwana. In ba ka da waɗannan kayan, ka bar aikin ga masu su.

Haɗawa da shafawa

Komai ya zama a shirye kafin ka haɗa: gefuna an manne su da salatif, rola a jikin sanda, hanyar fita a bayanka. Ka shimfiɗa kwali a wurin haɗi. Ka motsa A shi kaɗai tukuna, domin launi yana kwanciya a ƙasa. Sannan ka auna daidai da sikeli ko mazubi mai lamba. Wasu suna ƙara hadina wai don ya yi saurin kamawa. Ba ya yi. Abin da ya yi yawa ba ya samun abokin haɗuwa, sai ya zauna ɗanye a cikin daɓen, wurin ya yi danƙo har abada kuma ya ci gaba da cutar da duk wanda ya taka da ƙafa tsirara.

Ka gauraya minti 3 cikakku, a hankali don kada iska ta shiga, kana kankare gefe da gindin bokitin. Ka juye a wani bokiti mai tsabta ka ƙara motsawa kaɗan, domin abin da ya maƙale a jikin na farko bai haɗu sosai ba. Wasu nau'ukan suna bukatar a bar su su huta wasu mintuna bayan haɗi, takardar za ta faɗa.

Kada ka haɗa fiye da abin da za ka shafa a lokacin. Kuma da ka gama motsawa, ka fitar da shi daga bokiti, ko ka zuba a faffaɗan tire ko ka tsiyaya a daɓe. In ya zauna a dunƙule, zafinsa ba shi da mafita, zafin yana ƙara masa sauri, saurin yana ƙara zafi. Na taɓa ganin bokitin roba da aka bari rabi da fenti a cikin zafin Afrilu. Cikin ɗan lokaci ya fara hayaƙi, gefensa ya lanƙwashe, ba ya taɓuwa da hannu. In ka ga haka, kada ka sunkuya a kansa kana shaƙa. Ka ja shi waje da sanda ko shebur, ka ajiye a kan ƙasa nesa da abin da zai kama, ka bar shi ya huce.

Mutum biyu sun fi ɗaya, wani yana bin gefuna da burushi, wani yana bi da rola. Ka fara daga kusurwar da ta fi nisa da ƙofa. Fenti ya fara kauri a tire, ka bar shi, kada ka tsinka da tina. Wurin da ruwa ke zuba, kamar banɗaki, kicin, wurin alwala ko wurin wankin mota, ka barbaɗa busasshen yashi mai tsabta a kan shafin tun yana ɗanye sannan ka rufe da na ƙarshe, domin jiƙaƙƙen epoksi yana da santsi ƙwarai, tsoho ɗaya ya zame an shiga uku. Shafi na biyu a yi shi cikin lokacin da aka rubuta, sau da yawa kafin awa 24. In ya wuce, sai an goge da takardar yashi.

In ya taɓa jiki

A fata, ka share da busasshen tsumma nan take, ka wanke da sabulu da ruwa sosai. Kada ka sa tina, fetur ko kananzir. Suna narkar da fentin ne su cire maiƙon fatarka, su buɗe masa hanyar shiga ciki. Wanke shi tun yana ɗanye ya fi maka ta kowace fuska, domin in ya taurare a hannu ko farce zai hana ruwan alwala isa fata, ka koma kana kankara. Ka wanke hannu kafin cin abinci ko goro, da kuma kafin ka kewaya, ba bayan ka fito kawai ba.

A ido, minti 15 zuwa 20 ana zuba ruwa mai tsabta ba tsayawa, wani ya riƙe buta, kai ka buɗe idon da yatsu masu tsabta, ruwan yana gangarawa gefen kunne don kada ya shiga ɗaya idon. Daga nan sai asibiti ko da zafin ya lafa, mafi kusa ko asibitin koyarwa na Shika, da hoton takardar gwangwanin. Kada a ɗiga kowane magani ko tozali kafin likita ya gani.

Wanda ya ji jiri, ciwon kai ko tashin zuciya ya fita iska nan take. In numfashi yana masa wuya ko ƙirji ya riƙe, a kai shi asibiti. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a tafi da shi da gwangwanin. Ita kuwa madarar gwangwani da masu fenti ke sha bayan aiki wai tana wanke ƙirji, ciki take zuwa, abin da aka shaƙa kuma huhu ya shiga ya wuce cikin jini. Ba ta kare kowa daga komai.

Ƙaiƙayi ko ja a yatsu, wuyan hannu ko fatar ido da ke zuwa bayan aiki ya lafa ranar hutu, wannan alama ce ta farko. Ka ga likitan fata tun a nan, ka gaya masa sana'arka.

Bayan an gama

Ragowar A da B kada a zuba su a kwata. Ka haɗa su kaɗan-kaɗan a waje, ka baje a kwali su taurare, sannan a zubar. Tsummokaran tina su bushe a fili nesa da wuta. Kada ka zuba tina ko hadina a gorar ruwa ko kwalbar lemo, yaro ba ya karanta komai kafin ya kai baki. Gwangwanayen kuma ka huda gindinsu, domin in ka bar su lafiya, gobe za ka gan su a tsakar gida ana ɗiban ruwa da su ko an zuba hatsi. Kayan aikinka kada su shiga wanki ɗaya da na iyali, wanda ya jiƙe da fenti sosai ka yar da shi.

Yawancin epoksi ana iya taka shi bayan awa 24, amma sai ya kai kusan kwana 7 yake gama taurarewa. Kafin nan kada a shigar da mota, kada a ja kaya masu nauyi, kada a wanke da ruwa, kuma tagogi su zauna a buɗe. Ba a kwana a ɗakin muddin ana jin wari, kuma jariri mai rarrafe ya jira kwana bakwan nan cif. In ya zama dole ka goge wani wuri da takardar yashi a cikin waɗannan kwanaki, ka mai da safar hannunka da takunkumin ƙura, domin garin da ke tashi daga epoksin da bai gama taurarewa ba yana ɗauke da ɗanyen sinadarin, kuma yana sauka a wuya da fatar ido.